Layi na Huɗu

Baba bai taɓa kiran sunana ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka tun ina rarrafe Uwata yake ce mini. Da wannan sunan ya kira ni a waya wata ranar Laraba da hantsi, ina zaune a ofis a Kano, shayina ya huce ban ko kurɓa ba.

"Uwata, na ga saƙonki," ya ce, muryarsa cike da fara'a. "Mun yi shuka."

Ni ban aika masa da saƙon komai ba, amma na san abin da yake nufi, kuma na san lokacin shuka bai yi ba.

Ina aiki ne a wani gidan talabijin, a sashen da ba a ganin fuskokinmu. Mu ne ke tsara abin da mai kallo zai gani a allo, inda rubutu zai zauna, da launinsa, da abin da zai zo sama da wanda zai zo ƙasa. Tun da aka koma talabijin na dijital, wanda ake kamawa da eriya da ɗan akwatin nan da ake kira dikoda, gidanmu ya buɗe wani shiri na labarai. In ka danna jan maɓalli a rimot, allon zai rabu gida shida, mu tagogi muke ce musu. Wata tagar labarai ce da Hausa, wata da Turanci, akwai ta wasanni, da ta farashin hatsi, da ta sanarwa, sai ta hasashen yanayi can ƙasa a kusurwar dama. Wadda ka zaɓa ita za ta cika maka allon.

Shekara biyu kafin wannan wayar na kai wa Baba talabijin can gidanmu na Unguwar Gai, a ƙasar Kibiya, tare da dikoda da farantin sola. Sai da aka ɗaura eriya a kan ƙarfen da ya fi darbejiyar ƙofar gida tsawo kafin hoto ya tsaya. Baba manomi ne, ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, yana rubuta wasiƙa da ajami mai kyau, amma baƙin boko ko ɗaya bai sani ba, kuma bai taɓa ganin hakan a matsayin rashi ba. To da ƙirga na koya masa. Ja sau ɗaya, ƙasa sau ɗaya, dama sau biyu, sai na tsakiya. Tagar yanayi za ta buɗe, ga garuruwa shida a jere, kowane gari da layinsa, a gabansa hotunan kwana biyar masu zuwa: rana, ko gajimare, ko gajimare mai ɗigon ruwa.

"Rano ce ta huɗu, Baba," na ce masa. "Ita ce kusa da mu. Ka ƙirgo daga sama."

Ya matsa gaban allo ya ɗora yatsa, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya maimaita sau uku, sannan ya sa Inna ta kawo masa farar leda ya naɗe rimot ɗin ya ɗaure da zare, wai kada gumin hannu ya cinye maɓallan.

Damina biyu abin yana yi masa daidai. Har ya zama in an idar da sallar asuba mutanen unguwa sai su tsaya a ƙofar masallaci su ce, "Malam, me akwati ya ce?" Shi kuma ya gyara zaman hula ya ce, "Allah ne masani, amma Uwata ta ce jibi da ruwa." Na sha gaya masa ba ni ke yin hasashen ba, akwai masu aikin, mu karɓa kawai muke yi mu ɗora. Bai taɓa saurara ba. Ni ma, in zan faɗi gaskiya, ban matsa sosai ba, don abin yana yi mini daɗi.

Sai aka ce za a sake fasalin shirin. Tagogi shida sun yi yawa, hoton kowacce ya yi ƙanƙanta, rubutun sai mai ƙarfin ido. Shugaban sashenmu, mutum mai son aiki da saurin magana, ya ce a mayar da su huɗu manya, kuma ni ya damƙa wa tsarin. Ya so a ɗauko tagar yanayi a kai ta sama. Na ƙi. Muka yi ta ja-in-ja har ya cire tabarau ya dube ni.

"Malama, wai me ya haɗa ki da kusurwar nan ne?"

"Yallaɓai, tsofaffi sun saba da ita a nan."

"Tsofaffi ko tsohonki?"

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ya bar mini ita. Har gwadawa na yi da kaina, ja, ƙasa, dama sau biyu, na tabbatar dannawar Baba za ta kai shi inda ya saba. Ranar na koma gida ina jin kaina, 'yar kirki mai tuna ubanta.

Cikin tagar kuwa, masu kallo sun daɗe suna ƙorafi ba a sa garuruwansu ba. Muka ƙara su suka cika shafi uku. Da yamma ɗaya na jera su bisa harufa kamar yadda kowane ɗan boko zai yi, ko daƙiƙa ɗaya ban tsaya tunani ba. Muka kira ɗalibai da ma'aikatan ofis suka gwada, kowa ya nemo garinsu kafin ka ƙifta ido. Duk cikinsu babu wanda ya ƙirga layi, karantawa suka yi. Ranar Litinin aka saki sabon tsarin.

Wayar Baba tana kunnena na buɗe tagar a kwamfutata, na ɗora yatsa a allo kamar yadda yake yi. Bichi, Dambatta, Dawakin Tofa, Doguwa. Doguwa ce ta huɗu, can kudu wajen daji, inda ruwa ke sauka tun mu muna fifita. Gajimare biyar a jere, kowanne da ɗigonsa. Na danna zuwa shafi na uku. Ga Rano, rana biyar ƙwal.

"Baba, wane iri ka shuka?"

"Kaura mana. Duka na zuba. Jiya da yamma an ɗan yi yayyafi mai kyau, na ga ga ruwan kwana biyar a gaba, na ce me ake jira? Gida huɗu ma sun bi ni."

Wanda bai tashi a gidanmu ba ba zai san mece ce kaurar nan ba. Dawa ce ja-ja mai manyan ƙwaya, Baba ya gaje ta wajen mahaifinsa, shi ma haka ya tarar da ita. Akwai kaura a kasuwar Rano, amma ba wannan ba ce, tuwonsu ma ba ɗaya ba ne. Kowace kaka Baba da kansa yake bin gona yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure, ya rataye a madafar Inna inda hayaƙi zai kore ƙwari. A shekarar da ta gabata damina ta yi gardama, ƙwari kuma suka yi ɓarna, abin da ya rage na iri bai wuce kwano uku ba. Shuka ɗaya zai yi, babu ta biyu.

Kuma duk ɗan manomi ya san sharrin ruwan farko in ya zo kaɗan. Da ƙasa busasshiya ce ƙayau, iri zai kwanta ya jira. Amma ɗan yayyafi yana tayar da shi ya tsiro, sannan rana ta zo ta same shi ba abin sha. Shi ya sa a da Baba ba ya taɓa ɗaukar sungumi sai ya je gona ya tona da hannu ya ga inda lema ta kai, yawanci ma sai ya jira ruwa na biyu. Ni na raba shi da wannan tonon.

Ya kamata in gaya masa a lokacin. Bakina ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Allah ya ba da damina mai albarka, Baba." Ya ce amin, ya sa mini albarka, ya kashe wayar. Tsoro ne ya hana ni, ba wani abu ba, kuma har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Alhamis ban yi aikin kirki ba. Kowace sa'a sai na buɗe shafi na uku, ko hoton rana ɗaya zai koma gajimare. Na kira masu hasashen har sau biyu, wanda ya ɗauki wayar ya ce Hajiya, ko mako mai zuwa ma ba mu ga alama a wajen ba. Tunda na fara aiki ban taɓa roƙon Allah ya sa abin da muka ɗora a allo ya zama ƙarya ba sai ranar. Da la'asar Baba ya sake kira, ya ce hadari bai haɗo ba tukuna, amma ya duba akwati, gobe ma da ruwa. Yana can yana kallon ruwan mutanen Doguwa yana jira.

Ranar Juma'a da safe na shiga wajen shugabanmu na zayyana masa komai. Na ɗauka zai yi faɗa, ko ya yi dariya. Bai yi ko ɗaya ba, sai juya biro yake a hannu.

"To tsofaffi nawa ne ke ƙirga layi kamar babanki?" ya ce.

Babu wanda ya sani, kuma babu hanyar sani. Wannan tambayar ta ƙara tsinka mini zuciya, don ni gonar Baba kaɗai nake gani, ashe ana iya samun wasu a Zurgu ko wani ƙauyen da ban taɓa takawa ba. Ya sa aka riƙa sanarwa a labaran Hausa cewa jerin garuruwa ya canja. Ni kuma ya ce in tafi gida.

Asabar na hau mota zuwa Rano. Tun daga Bunkure nake leƙen gonaki ta taga, kusan duk an yi sharar gona an zauna, ba wanda ya shuka. Kowa ya san ba lokaci ba ne. Sama fes, ko ɗan gajimaren da za a yi wa mutum ƙarya da shi babu. A tashar Rano na hau babur, ɗan acaɓan yana ta ba ni labarin zafin bana, ni kuwa ina ta shirya maganar da zan yi, in gina in rushe.

Inna na tsakar gida tana tankaɗe. Ta dube ni sau ɗaya ta ajiye rariya.

"Ke lafiya? Ba waya ba komai?"

"Lafiya lau, Inna. Ina Baba?"

"Yana gona. Tun jiya can yake wuni, kamar zamansa ne zai jawo hadarin."

Na same shi a tsugune tsakiyar gona, rana na dukan ƙeyarsa. Kaurar ta fito, layi-layi, kowane rami da 'yan ganye biyu kore shar, sai dai bakinsu ya fara nannaɗewa. Yana tona gefen wani rami da yatsa, ƙasar na zubowa kamar gari. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya yi murmushi, amma idonsa na sama.

"Uwata, akwatin naku fa yau kwana huɗu yana cewa ruwa."

"Baba, ba ruwanmu yake nunawa ba."

Na gaya masa. Na yi ta kame-kame da farko, ina cewa an yi gyara, an ƙara garuruwa, an sake jeri. Ya bar ni har na gama.

"Na huɗun yanzu wane gari ne?"

"Doguwa."

"To su Allah ya ba su." Ya juyo ya dube ni. "Wa ya ɗauke Rano daga wurinta?"

"Ni ce, Baba."

"Ke da hannunki?"

"Ni da hannuna."

Na sunkuyar da kai ina jira. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya daɗe yana kallon gonar daga wannan kai zuwa wancan, sannan ya kakkaɓe hannunsa a riga ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Je ki gida ki ɗauko jarkoki biyu da gwangwani," ya ce.

A kusurwar gonar ta gabas akwai ɗan kwari ƙarƙashin wata ɗorawa, inda ƙasa ke riƙe sanyi, kuma ba nisa da rijiyar da makiyaya ke shayar da shanu. Nan Baba ya auna layi bakwai da ƙafarsa ya ce waɗannan za mu riƙe, sauran sai abin da Allah ya yi. Ba wanda ke ban-ruwan dawa a ƙasarmu, wanda ya gan mu zai ce mun taɓu. Haka muka fara, safe da yamma, ni in ja guga in cika jarka in ɗauko, shi ya bi rami-rami yana zuba rabin gwangwani, yana rufewa da busasshiyar ciyawa. Kwana biyu tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Inna na shafa mini man kaɗe tana cewa, "Hannun danna-danna ne ai, yau ya gamu da igiya." Na kira ofis na ce ba ranar dawowata.

Sauran gonar a gabanmu ta mutu. Ba rana ɗaya ba, da kaɗan-kaɗan. Ganyen ya nannaɗe, ya koma fari, ya kwanta. Kullum in na ɗauko jarka sai na ratsa ta cikinsu, ina ƙoƙarin kada in taka, alhali ba sauran abin da za a taka. Kowace safiya idona na gabas. Wata rana hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen duwatsun Rano, har iska ta taso mai ƙamshin ƙasa, muka tsaya cak da gwangwani a hannu. Iskar ta kwashe shi ta yi yamma da shi. Ranar na zauna gindin ɗorawa na yi kuka sosai, Baba ya yi kamar bai gani ba, ya ci gaba da zuba ruwansa.

Akwai kuma gidaje huɗun da suka bi shi. Ranar Talata bayan la'asar suka taru a dakalin ƙofar gidanmu, ina cikin zaure ina jin komai. Cikinsu akwai wani dattijo, abokin Baba tun makarantar allo, wanda geronsa duk ya ƙone. Ba ya ɓoye magana.

"Malam, mun bar abin da muka tarar iyayenmu na yi, mun bi akwati. Ga shi nan. Ita 'yar taka me ta ce?"

Na miƙe zan fita. Sai na ji Baba ya yi gyaran murya.

"Akwati bai yi ƙarya ba, yarinya ma ba ruwanta. Ni na yi kuskuren ƙirga. Idon ne ya fara tafiya, na ɗauki layin wasu na ce namu ne. Ku yafe ni."

Mutumin da ban taɓa jin ya faɗi abin da ba haka ba. Na kai hannu ga labulen zaure, Inna ta riƙe mini wuyan hannu gam, ban ma san tana bayana ba.

"Zauna," ta ce a hankali. "Ya riga ya ɗauka. In kika fita yanzu, maƙaryaci za ki mayar da shi a gaban mutane."

Na zauna. Ina ji dattijon ya ce Allah ya kiyaye gaba, wani ya yi 'yar dariya ya ce Malam a nemi tabarau. Baba ya taya su dariyar. Daga ranar ba wanda ya sake tsayawa a ƙofar masallaci ya tambaye shi me akwati ya ce.

Ruwa ya sauka kwana goma sha biyu bayan shukar, da rana tsaka, kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya fita da sungumi. Baba ya sake shuka gonarsa da irin kasuwa, ya kuma bi gidaje huɗun nan ya taya su aiki duk da shekarunsa. Cikin layi bakwai ɗinmu biyar suka rayu. Da kaka suka ba da dami biyu ƙanana, ya zaɓe su zangarniya-zangarniya ya rataye a madafa. Ko ƙwaya ɗaya ba a kai turmi ba. Shekarar ce kaɗai a rayuwata da ba a ci tuwon kaura a gidanmu ba.

A ofis mun gyara abin. Yanzu in ka tsaya a kan layi, murya ce za ta faɗa maka sunan garin da Hausa, ta gaya maka rana ce ko ruwa. Ni na nace a kan haka, kuma wannan karon da manoma muka gwada, ba ɗalibai ba. Da na je gida hutun sallah na kunna wa Baba. Ya saurara da kyau, muryar ta ce Rano, ya gyaɗa kai ya ce madalla, aiki ya yi kyau. Ya karɓi rimot ɗin ya gyara masa leda ya mayar kan dikoda.

Da bazara ta zagayo na koma leƙen shafi na uku kullum kamar mai jinya. Wata safiya da hantsi wayata ta yi ƙara.

"Uwata, an yi ruwa jiya."

"Alhamdu lillahi, Baba. Da yawa?"

"Na je na tona. Lema ba ta wuce gaɓa biyu na yatsa ba. Ba zan shuka ba tukuna."

"Haka ne, Baba, mu ma abin da muka sa ke nan. Ka duba akwatin?"

Ina jin kukan awakin Inna ta cikin wayar.

"A'a, ban duba ba," ya ce. "Na dai ce bari in gaya miki, ko za ki sa musu a layin namu."